Mutuwar hanta farat ɗaya: Musabbabi, alamomi da abin da ya shafi Ƙaraye da Rogo

Likitoci na cewa hanta ta gaza farat ɗaya idan mutumin da bai taɓa fama da ciwonta ba ya kamu da shawara, jininsa ya daina daskarewa, hankalinsa kuma ya gushe, duk a cikin makonni 26 ko ƙasa da haka.

Ƙwayoyin cutar ciwon hanta na cikin manyan musabbabai. Nau'in A da E na bin gurɓataccen ruwa, kuma E ya fi yi wa masu juna biyu illa, kamar yadda aka gani a Diffa a 2017. Nau'in B na bin jini, jima'i da haihuwa. Najeriya ta sanya rigakafinsa cikin alluran yara a 2004.

Sai magunguna. Farasitamol na iya ƙona hanta idan babba ya zarce giram 4 a yini, kuma magungunan mura da dama na ɗauke da shi. Wasu magungunan tarin fuka da jiƙe-jiƙen da ba su da ma'auni su ma kan jawo haka.

Ga manoman masara da gyaɗa na Ƙaraye da Rogo akwai ƙarin haɗari: gubar afalatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a amfanin da aka zuba a rumbu da danshi. A Kenya, gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a 2004.

Hanta ce ke tace amoniya, ta adana sukari, ta haɗa sinadaran daskarar da jini. Idan ta tsaya, amoniya na hawa ƙwaƙwalwa, sai sambatu, barcin rana, karkarwar hannu, daga bisani dogon suma. Dasashi kan yi jini, sukari ya faɗi, ƙoda ta biyo baya.

Dangi kan ɗauki sambatun a matsayin iskoki, a ɓata kwanaki ana turare. Alhali makarin gubar farasitamol ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Ido rawaya tare da ruɗewa na bukatar asibiti a ranar, sau da yawa har Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Dashen hanta kuwa sai masu hali, galibi a ƙasashen waje. Abin da ke hannun ƙananan hukumomin biyu shi ne ruwa mai tsafta, allurar B ga jariri a ranar haihuwa, da motar ɗaukar marasa lafiya mai aiki.