Daga Shaihu Umar zuwa Mai Martaba: fim ɗin tarihi da Bahaushen Legas

A cikin harabar Hukumar Jiragen Ƙasa da ke Ebute Metta akwai wani tsohon gidan bene na zamanin Turawa da aka gina a 1898, ana kiransa Jaekel House. Yau gidan tarihi ne, cike da hotuna da tarkacen aikin reluwe. Masu shirya fim a Legas sun san shi sarai, domin duk wanda yake neman wurin da zai yi kama da Najeriyar kafin 'yancin kai, can yake fara leƙawa. A nan Kunle Afolayan ya ɗauki wasu sassa na fim ɗinsa October 1, wanda ya fito a 2014, inda marigayi Sadiq Daba ya hau matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan sanda daga Arewa da aka tura wani gari a ƙasar Yarabawa ya gano mai kashe mata kafin ranar sauke tutar Ingila. Daba ya yi wasan da ya ci masa lambar gwarzon ɗan wasa na Afirka a 2015. Sai dai Danladi Waziri ƙirƙirarren mutum ne, labarin ba na Arewa ba ne, kuma yawancin maganarsa da Turanci ya yi ta.

Daga wannan gida zuwa Iganmu tafiya ce kaɗan. A can aka gina Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa domin bikin FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977. Abin da matasan Kannywood da yawa ba su sani ba shi ne, fim ɗin da Najeriya ta gabatar wa baƙin duniya a wannan biki da Hausa aka yi shi, kuma fim ɗin tarihi ne: Shaihu Umar.

Labarin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne. Ya rubuta shi yana malamin makaranta, ya shigar da shi gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, gasar da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya ɗauke shi a fim a 1976, shekara goma bayan an ɗauke marubucin daga gidansa a Legas aka kashe shi, aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta. Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shaihun, yana zaune almajirai sun kewaye shi, yana ba su labarin yadda aka sace shi yana yaro, yadda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ɗa ya ƙetara Sahara da shi, da yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Fim ne mai tsawon sama da awa biyu, ba ya gaggawa. Ayarin raƙuma na tafiya a hankali, kyamara na biye da shi a hankali. Kuma bai ɓoye abin da yawancinmu ba ma son a tuna ba, wato cewa Musulmi sun kama Musulmi sun sayar.

Halilu mutumin Garkida ne, a Landan ya koyi aikin, kuma ya fito ne daga gidan majigi, sashen fim na gwamnatin Jihar Arewa da ke yawo ƙauye-ƙauye da mota ana haska wa talakawa fina-finan noma da kiwon lafiya. Wannan asali shi ne ƙarfin fim ɗin tarihi na wancan zamani, shi ne kuma rauninsa. Da kuɗin gwamnati aka yi Shaihu Umar. Da hannun gwamnatin Sakkwato aka yi Kanta of Kebbi a 1978, kan Muhammadu Kanta, sarkin yaƙin da ya ɓalle daga Songhai a ƙarni na 16 ya kafa Surame. Lokacin kuɗin man fetur na malala, gwamna yana iya sa baki a fito da dawaki da mahaya da masu kakaki ba tare da an yi ciniki ba. Da aljihun gwamnati ya tsuke a shekarun 1980, Naira ta faɗi, farashin ɗanyen fim da wanke shi a ƙasar waje ya fi ƙarfin kowa, sai harkar ta yi sanyi. Maitatsine na Sule Umar, wanda ya ɗauko rikicin Kano na Disambar 1980 tun raunin bai warke ba, yana cikin na ƙarshe-ƙarshe da suka yi wannan ƙarfin hali.

Shi kansa Shaihu Umar ɓacewa ya yi. Shekara kusan arba'in mutane na jin sunansa ba su ga hotonsa ba, har aka fitar da rai. Sai a 2016 aka gano gwangwanayen fim ɗin a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, hukumar da Halilu ya fara shugabanta. Didi Cheeka na ƙungiyar Lagos Film Society na cikin waɗanda suka yi tsaye kan lamarin, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Abin farin ciki ne, amma da ɗaci a ciki: sai da Jamusawa suka kalli fim ɗin kafin jikokin waɗanda suka yi wasan.

Zamanin bidiyo ya zo da nasa lissafin. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya buɗe ƙofa a Kano a 1990, kuma cikin shekara goma kaset ya cika kasuwa, daga Bata har Zangon Agege. Amma ɗan kasuwar da ya zuba kuɗinsa yana son ya mayar cikin 'yan makonni, kuma soyayya da waƙa ne ke mayarwa. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshan ya san dalili. Fim ɗin soyayya falo ɗaya yake buƙata, da mota, da lambu. Fim ɗin tarihi kuwa tun kafin a kunna kyamara ake fara kuka. Doki haya ne, kuma da mai kula da shi da ciyawarsa yake zuwa. Lifidi da sulke da kwalkwali suna gidajen sarauta, ba a bayar da su sai da sanayya. An samu ƙauye mai ginin ƙasa, sai ga kwanon rufi yana walƙiya a bayan sarki, ga turken lantarki, ga baƙar leda iska ta liƙa ta a ƙaya. A tara mutum ɗari a matsayin mayaƙa, a ciyar da su, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana cire agogo da takalmin roba, sannan ana tsakiyar ɗauka ɗan acaɓa ya ratsa da ƙara a sake daga farko.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Tarihin ƙasar Hausa da masu shi, kuma suna raye. Sarkin da za a nuna an ci shi da yaƙi, jikansa na kan gado ko yana neman gadon. Wane furodusa ne zai zaɓi ɗan wasa ya naɗa masa rawani ya ce ga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo? Wa zai nuna Gobir da Alƙalawa ba tare da wani ɓangare ya ji an ci zarafin kakanninsa ba? Tun 2001 akwai hukumar tace fina-finai a Kano, amma tacewar da ta fi tasiri ita ce wadda mai labari yake yi wa kansa tun a takarda. Shi ya sa Kannywood ta ƙware wajen ƙirƙiro masarautun da ba su a taswira. Sangaya, wanda ya girgiza kasuwa a farkon shekarun 2000, gidan sarauta ne ba suna, ba shekara. Ana samun alkyabba da dogarai da algaita, ba wanda zai kai ƙara.

Ba wai jama'a ba sa son tarihi ba ne. A gidajen kallo na Agege da Idi-Araba da Mile 12, an ga tsofaffin da ba ruwansu da fim suna zama don Ar-Risala na Moustapha Akkad, da fim ɗinsa na Umar Mukhtar, dattijon Libiya da ya yi shekara ashirin yana yaƙar Italiya har suka rataye shi a 1931. Yanzu kuma Ertugrul na Turkiyya ya shiga wayoyin mahauta da 'yan goro. Akwai yaron da aka haifa a Agege da zai lissafa maka sarakunan Usmaniyya, amma bai taɓa jin yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903 ba.

Inda aka ba da labarin namu kuwa, galibi wasu ne suka ba da shi. Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899 a ƙasar Arewa ta Nijar, Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinta da Faransanci, Med Hondo ɗan Muritaniya ya yi fim ɗin a 1986, a Burkina Faso aka ɗauka, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Fim ne mai kyau ƙwarai, amma ba da Hausa sarauniyar take magana ba. Amina ta Zazzau ta hau Netflix a 2021 ta hannun Izu Ojukwu, Lucy Ameh ce ta fito a matsayinta, Ali Nuhu na cikin 'yan wasa, harshen fim ɗin Turanci. Masu kallo a Arewa sun yi ta ƙorafi kan sutura da yadda aka nuna fada, kuma da gaskiyarsu a wurare da dama. Sai dai ƙorafin yana da nauyi a baki, tunda Zariya na nan da ganuwarta shekara da shekaru ba ɗan gida da ya ɗauki kyamara. Ojukwu ɗin ne ma ya yi '76, kan juyin mulkin da aka kashe Murtala Muhammed a cikinsa ranar 13 ga Fabrairun 1976. Motar da aka harbe shi a ciki tana ajiye a gidan tarihi na Onikan, ramukan harsashi a jikinta, amma cikakken fim ɗin rayuwar wannan ɗan Kano da Hausa har yau ana jira. Haka Aminu Kano, haka Gambo Sawaba, alhali Bolanle Austen-Peters ta riga ta kai Funmilayo Ransome-Kuti gidajen silima.

A 2024 aka ɗan ga motsi. Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka fi sani da Aboki, an ɗauke shi a Daura da Hausa, da dawaki da taron jama'a irin wanda aka daɗe ba a gani ba, Adam A. Zango na cikin manyan 'yan wasansa. Kwamitin Najeriya ya zaɓe shi ya wakilci ƙasar a gasar Oscar, shekara 47 bayan Shaihu Umar ya wakilce ta a Legas. Bai kai zagayen ƙarshe ba. Labarinsa rikicin gadon sarauta ne, a wata masarauta mai suna Jallaba, wadda ita ma marubuta ne suka ƙirƙiro ta.