Tarihin Faɗin So da Ƙi a Uba, Daga Fulatanci Zuwa Sifaniyanci

A ƙarshen watan Mayun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya taso daga Kukawa, ya ratsa ƙasar Margi, ya iso Uba a watan Yuni. A lokacin, Uba ce ƙofar arewa ta Fombina, wato ƙasar Adamawa, garin Fulani na farko da matafiyi daga Barno zai tarar. Daga Uba ya wuce Mubi, ya haye Binuwai, ya shiga Yola. Lamiɗo Lawal, ɗan Modibbo Adama, bai yi na'am da zuwansa ba, kuma cikin 'yan kwanaki aka sallame shi ya juya. Barth ya iya Larabci, yana kuma koyon Hausa da Barbarci da Fulatanci, saboda haka bai sha wahalar gane cewa ba a son zamansa ba.

Har gobe ba a zama a Uba da harshe ɗaya. Margi ne 'yan ƙasa. Kilba na ta wajen Hong, Higi na ta wajen Michika, Gude da Fali na ta wajen Mubi, Barebari kuma na sauka daga arewa. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Fulatanci ya zama harshen fada da na kasuwa. Hausa ta biyo fatake, ta yi ta yaɗuwa har ta zama harshen da kowa ke komawa gare shi in an rasa mafita. Duk wanda ya shigo da kaya a kai, bayan gaisuwa da ƙirge, abin da yake fara koya shi ne yadda zai ce yana so ko ba ya so. Bamargen da ya kawo dawa ya san “mi yiɗi” da “mi yiɗaa” tun kafin ya iya doguwar hira da Fulatanci.

Sai dai sanin kalma daban, furta ta daban. A kasuwar yankin nan mai saye ba ya nuna abin da ya kwanta masa a rai. Idan sa ya burge shi a kara, sai ya fara kushe ƙafarsa ko haƙoransa, ya bar dillali ya yi ta kai gwauro ya kai mari. Mai kaya shi ma ba ya cewa ya ƙi tayi. “Albarka” kawai zai ce, kowa ya gane. In ya yarda, ya ce “na sallama”. Baƙon da aka yi wa tayin tuwo, ko da yunwa na cinsa, “alhamdu lillahi” zai fara cewa, sai an matsa masa. A gidan Fulani wannan kunya, wadda suke kira semteende, tana cikin ginshiƙan pulaaku, wato ɗabi'ar Fulani, tare da haƙuri da hankali. Budurwar da aka tambaya game da manemi sunkuyar da kai take yi, iyaye mata su karanta sauran a fuskarta.

Ladabi ne mai kyau, kuma ya hana rigingimu da yawa a wurin da ƙabilu suka cakuɗe. Amma yana da kyau a faɗi ɗaya gefen. Akwai waɗanda shirunsu ba na kunya ba ne, ba a dai taɓa tambayarsu ba. Hamman Yaji, hakimin Madagali da ke arewa maso gabas da Uba, ya bar littafin da ake rubuta masa al'amuran yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, kuma a ciki an lissafa hare-haren da yake kai wa mutanen duwatsu da bayin da ake kamowa. Turawa ma ba su tambayi kowa ba. Ingila ta ci Yola a 1901, Jamus ta kama Mubi a 1903, sannan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yankin Mubi ya koma hannun Ingila a matsayin riƙon amana, cikin Arewacin Kamaru.

Tambayar ta zo ne a makare, daga Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 7 ga Nuwamban 1959 aka ce wa mutanen Arewacin Kamaru, ciki har da na ƙasar Mubi, su zaɓa: shiga Jihar Arewa idan Nijeriya ta sami 'yanci, ko a ɗage maganar. Mutanen da aka saba ganin suna sunkuyar da kai suka ba shugabannin Kaduna mamaki, mafi yawansu suka ce a ɗage. Ƙorafinsu a kan mulkin En'e na Yola da Dikwa ne, kuma sai da aka yi gyara aka ba su nasu hukumomin. A Fabrairun 1961 aka sake jefa ƙuri'a, wannan karon har da mata, shekaru kafin matan sauran Arewa su sami wannan dama. Mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yunin 1961 aka kafa Lardin Sardauna, hedikwatarsa a Mubi. Shi kuwa garin Uba a yau rabe yake, wani ɓangare a Ƙaramar Hukumar Askira/Uba ta Jihar Barno, wani a Ƙaramar Hukumar Hong ta Adamawa.

Koyon harshe daga littafi ma yana da nasa tarihin a nan. Almajirai sun daɗe suna karatun nahawun Larabci a zaure. 'Yan mishan da suka sauka Garkida a 1923 sun buɗe tasha a Lassa, cikin ƙasar Margi, kuma a 1963 Carl Hoffmann ya wallafa littafin nahawun Margi. Turanci ya zo da boko, Faransanci ya zo da makwabtakar Kamaru da canjin sefa.

Sifaniyanci shi ne ɗan auta, ko da yake ba baƙo ba ne sosai ga Nijeriya. Tsibirin Fanando Po, wanda yanzu ake kira Biyoko, ya shiga hannun Sifaniya tun 1778, kuma a 1942 Ingila da Sifaniya suka ƙulla yarjejeniyar kai leburori daga Nijeriya gonakin koko na can. Galibinsu mutanen kudu maso gabas ne, amma Hausawa 'yan kasuwa ma sun zauna a Malabo da Bata. Ikwatoriyal Gini, ƙasar da tsibirin yake ciki, ta sami 'yanci ranar 12 ga Oktoban 1968, har yau kuma Sifaniyanci ne babban harshen hukumarta. Zuwa Uba kuwa, ƙwallo ce ta kawo shi. Dattawan gidan kallo suna tuna yadda Nijeriya ta ci Sifaniya 3 da 2 a gasar duniya ta 1998, samari kuma sun rabu tsakanin Real Madrid da Barcelona, suna bin labarin Umar Sadiq, ɗan Kaduna, wanda ya tashi daga Almeria zuwa Real Sociedad a 2022. Wanda ya juya Facebook ɗinsa zuwa Sifaniyanci zai ga maɓallin nuna so an rubuta masa “Me gusta”.

A kan wannan jimla ce ɗaliban da suka biyo ta Turanci suke tuntuɓe. Basifaniye ba ya ɗora kansa a matsayin mai aikata son. Abin da ake so shi ne mai aikin, mutum kuma karɓa yake yi. “Me gusta el té” na nufin shayi yana yi mini daɗi. Idan abubuwan suna da yawa, aikatau ne ke komawa jam'i: “me gustan los caballos”, dawaki suna burge ni. Korewa da “no” ake yi a gaba, “no me gusta”. In abin ya kai matuƙa sai a ce “me encanta”. Canza mutum kuwa canza ƙaramar kalmar farko ce kawai, “te gusta” naka, “le gusta” nasa ko nata, “nos gusta” namu. Akwai kuma “quiero”, ina so, wadda ake neman abu da ita kai tsaye, da “odio”, na tsana, wadda ke da nauyi.

Mai jin Hausa ya riga ya mallaki wannan gini. Kullum yana cewa “ya yi mini”, “bai yi mini ba”, “sun burge ni”, kuma yana sauya “ya” zuwa “sun” ba tare da ya tsaya tunani ba. Wanda ya yi karatun zaure ya san irinsa a Larabci, “yu'ujibuni”. Larabcin ma ya bar sawu a Sifaniyanci tun zamanin Andalus, wanda ya ƙare da faɗuwar Garanada a 1492, shekarar da Antonio de Nebrija ya fitar da littafin nahawun harshen na farko. “Alcalde”, wato magajin gari, tushensa ɗaya da alƙali.

Saboda haka kuskure ne malami ko ɗalibi a Uba ya zagaya ta Turanci kafin ya isa ga “me gusta”. Duk mai son koyon wannan darasi ya rubuta jimlolin Sifaniyanci a hagu, ya sa “ya yi mini” da “sun yi mini” a dama, ya fara daga nan.