Kalma 50 a ƙofar Ostiraliya

Yau tarihin jarrabawar harshe zan ɗan taɓo mana.

A 1901 Ostiraliya ta kafa doka: jami'in shige da fice zai karanta wa baƙo kalma 50 ya rubuta, a duk harshen Turai da jami'in ya ga dama. Manufar ita ce a tare waɗanda ba fararen fata ba, ba tare da an fito fili an faɗa ba. A 1934 aka gwada ta a kan ɗan jarida Egon Kisch saboda siyasarsa. Da yake yana jin harsuna da yawa, sai aka karanto masa Gaelic na Sukotlan, ya kasa. Sai 1958 aka soke wannan gwaji.

IELTS kuwa a 1989 ta zo. Ban ce ɗaya suke ba, ita kam da karatu ana cinta. Amma ɗan Najeriya ya yi firamare har jami'a da Turanci, ya biya kuɗi ya rubuta, bayan shekara 2 a ce sakamakon ya tsufa. Ni dai tambayata: Turancin ne ke ruɓewa kamar tumatir, ko ƙofar ce ake son ta zauna a ƙuntace?