Ƙwaron da ke cikin na'ura, da yarinyar da ta kusa zuwa ta ƙarshe

Kowane ƙarshen zangon karatu, mu malaman lakwal muna da wani aiki da ba ya cikin abin da aka koya muna a makarantar horon malamai, amma shi iyaye suka fi jira: jera yara daga na ɗaya har na ƙarshe. Shekara ashirin ina yin sa da bik da kaye. Bara ne wani ƙanena ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa, na ce bari in koyi rubuta mata umarni da harshen Python, ta riƙa yi mini wannan jerawa.

Dabarar da na fara da ita kowane malami ya san ta ko bai taɓa kwamfuta ba. Ita ce muke yi da safe wajen jera yara gaban tuta: ka dubi biyu da ke kusa da juna, in dogo ne a gaba ka sauya musu wuri, ka matsa gaba, ka yi ta maimaitawa har layi ya daidaita. Layi goma sha biyu na rubuta. Sakamakon farko ya sa mai maki 9,5 a sama, mai 17 can ƙasa. Na rubuta makin da waƙafi kamar yadda muka saba a tsarin Faransanci, sai na'urar ta ɗauke su a matsayin rubutu, ba lissafi ba, ta ga 9 ya fi 1. Wannan kam ko makaho ya gan shi. Na gyara, jeri ya fito da kyau, na yi murna.

Sai na ga wata yarinya mai maki 14 a ƙasan kowa.

Daren nan na ji kunya, na ce girma ya zo, kai ya daina ɗauka. Abin da ya fid da ni daga wannan tunani tarihin sana'ar ne, shi ya sa nake son in ba ku shi.

Jerawa da na'ura ta girmi kwamfuta. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890, Herman Hollerith ya kawo na'urar da ke karanta katuna masu huji, kowane kati mutum guda. Tana da akwati mai ɗakuna, murfin ɗakin da ya dace ya buɗe, ma'aikaci ya jefa katin da hannu. Kamfaninsa na cikin waɗanda suka haɗu suka zama IBM daga baya. A 1945, kafin a gama ƙera kwamfutar EDVAC, masanin lissafi John von Neumann ya zauna ya rubuta mata umarni, kuma aikin da ya zaɓa shi ne jerawa. Wato abin da na sa a gaba a ɗakina yana cikin ayyukan farko da aka fara ba kwamfuta.

Neman kuskure ma tare suka taso. Masu Ingilishi suna kiran irin wannan matsala da sunan ƙwaro, kuma akwai labarin da ake yawan bayarwa. Ran 9 ga Satumba 1947, ma'aikatan na'urar Mark II ta jami'ar Harvard, inda Grace Hopper take aiki, sun sami wani ƙwaro mai fiffike, irin wanda ke bin fitila da dare, ya maƙale cikin wani makunnin lantarki. Suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu, littafin yana nan a gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Mutane da yawa suna cewa daga nan kalmar ta samo asali, amma ba haka ba ne: Thomas Edison ya yi amfani da ita a wata wasiƙa tun 1878. Raha ce ma'aikatan suka yi, don yau sun kama ƙwaro na gaske. Ni labarin ba ya burge ni sosai, domin yana ɗora laifi kan wani abu da ya shigo daga waje.

Wanda ya fi shiga raina na Maurice Wilkes ne, wanda ya jagoranci ƙera EDSAC a jami'ar Kambirij ta Ingila, na'urar da ta fara aiki a watan Mayun 1949. A littafin tarihin rayuwarsa ya faɗi yadda wata rana, yana kan matakala tsakanin ɗakin na'urar da ɗakin huda takardar umarni, ya gane cewa wani babban kaso na sauran rayuwarsa zai ƙare ne wajen neman kurakuran da shi da kansa ya rubuta. Mutumin da ya ƙera na'urar ke nan. Ba su zaci haka ba, sun ɗauka in ka san lissafi, rubuta umarni daidai abu ne mai sauƙi.

Kada a ce wannan zamanin da ne. Dabarar jerawar da Python ya yi shekaru yana aiki da ita, Tim Peters ya rubuta ta a 2002, aka ɗauke ta aka sa a Java da wayoyin Android. A 2015 wasu masu bincike suka zauna don su tabbatar ta hanyar lissafi cewa ba ta da aibi, sai suka iske akwai. Ba ya fitowa sai da wani irin jeri mai tsawon gaske. Shekara goma sha uku ana aiki da ita a duniya baki ɗaya, ƙwararru suna karanta ta, ba wanda ya gano tushen aibin.

Washegari na koma kan nawa. Na ajiye jerin ajin gefe, na yanka takarda biyar, na rubuta maki a kan kowace, na bi umarnina layi-layi ina yin abin da na rubuta, ba abin da nake nufi ba. Wannan shi ne wurin da ya fi wuya, don ido yana karanta niyya. Na kuma sa na'urar ta nuna mini jerin bayan kowace sauyawa. A zagaye na biyu na lura hannuna bai taɓa takarda ta biyar ba. Python daga sifiri yake fara ƙirga, ni kuwa don tsoron in zarce ƙarshen jeri na rage biyu inda ya kamata in rage ɗaya. Duk wanda sunansa ke ƙarshen rajista ba a gwada shi da kowa, nan yake zama ko nawa ya samu. Yarinyar nan harafin sunanta ne ya kai ta ƙarshen rajista.

Da wani yaro mai rauni ne a wurin, da ban taɓa ganewa ba. Na gane ne don na san ta. Na kuma san gidajenmu: uban da aka kai wa takarda cewa ɗiyarsa ta zo ta ƙarshe ba zai tambayi yadda aka yi lissafi ba, wani ma daga nan zai fara cewa karatun ya isa haka.

Ga ƴan'uwana malamai da aka fara kawo wa kwamfuta a makarantunsu: mun taso da jan bik, kuskure a wurinmu abin ragin maki ne. In muka shiga ajin kwamfuta da wannan hali, yaro zai riƙa goge aikinsa duka da zarar ya ƙi tafiya, ko ya kwafe na maƙwabcinsa. Ni yanzu nakan ba su umarnin da na san akwai kuskure ciki, in ba da maki ga wanda ya nuna mini layin da dalilin. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya yi awa guda gaban allo abu bai yi ba, ku tambaye shi me ya gwada tukuna.

Gyaran nawa lamba ɗaya ce, 2 ta koma 1. Yarinyar ta zo ta tara cikin 58. Har yanzu kafin in cika takardun sakamako, nakan sa sunan ƙarya mai maki 20 a ƙarshen rajista in ga ko zai hau sama.