Tayar linzamin kwamfuta da gugan rijiya

Duk ranar Asabar da hantsi yaran unguwarmu ta Dagmanet, a nan Agadas, sukan taru a zauren gidana kan tsofaffin kwamfutoci uku da na saya na hannu. Ba makaranta na buɗe ba. Scratch kawai muke taɓawa, wato manhajar nan da yaro ke jera umarni kamar tubala har ya gina ɗan wasansa. Kwanakin baya ɗiyar ƙanwata, wadda ke ajin ƙarshe na firamare, ta ce za ta yi wasan jan ruwa irin na lambunan Ayar, inda raƙumi ke jan igiya ta kan tekarkart. So take idan ta murza ƙaramar tayar da ke tsakiyar linzamin kwamfuta, wanda yaranmu ke kira suri, guga ya sauka, idan ta murza baya ya hau.

Ta duba tubalan kaf, ta juyo ta ce, "Kawu, akwai na danna suri, akwai na inda suri yake, amma ban ga na taya ba." Na ce mata ta sake dubawa da kyau. Ashe ita ke da gaskiya, babu shi. Wannan ƴar kunya da na sha ce ta sa na bi sawun tayar, na ga ashe baƙuwa ce a jikin linzamin.

Linzamin farko an haɗa shi ne a 1964 a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya a Amurka. Douglas Engelbart ya yi tunaninsa, Bill English ya ƙera shi. Ɗan akwatin katako ne mai maɓalli ɗaya. Yana da tayoyi biyu, amma a ƙarƙashinsa suke, ɗaya tana auna tafiya gaba da baya, ɗaya hagu da dama. Ranar 9 ga Disamba 1968 Engelbart ya nuna shi a gaban taron masana a San Faransisko. Daga baya ƙwallo ya maye gurbin tayoyin nan, irin wanda mu ƴan da muke cirewa mu kankare masa datti, kuma a Agadas ba sai na gaya muku yawan ƙurar da yake kwasa ba. A 1984 kamfanin Apple ya sa linzami a kwamfutarsa Macintosh, ya shiga gidajen mutane. Duk tsawon wannan lokaci babu taya a samansa. Mai son gangara shafi sai ya kai kibiya gefen allo ya ja.

Sai a tsakiyar shekarun 1990 tayar sama ta bayyana. Linzamin Genius EasyScroll ya fito da ita a 1995, sannan IntelliMouse na Microsoft a 1996 ya yaɗa ta ko'ina. Wato shekara talatin da ɗoriya linzami ya yi a duniya kafin a dasa masa abin da yaranmu ke ɗauka da shi aka haife shi.

A nan ne maganar ta yi mini daɗi. Taya ba maɓalli ba ce. Maɓalli yana da hali biyu: ko a danne yake, ko a sake. Kwamfuta tana iya tambaya a kowane lokaci, har yanzu yatsa na kai? Ita taya ba ta da wannan. Idan ka murza ta a hankali za ka ji tana ƙas, ƙas, gaɓa bayan gaɓa. Kowace gaɓa saƙo ɗaya take aikawa, sama ko ƙasa, shi ke nan ya wuce. A tsarin Windows ana lissafa gaɓa ɗaya da lamba 120, ba 1 ba, don a bar wa tayoyi masu laushi damar aika rabi ko sulusi ko rubu'i ba tare da an karya lamba ba. Bisa al'ada gaɓa ɗaya layi uku take gangarar da rubutu. Mutane ne suka zauna suka yanke haka, ba daga sama ya faɗo ba.

To me Scratch ke yi da wannan saƙo? Yarinyar ce ta gano, ba ni ba. Tana da tsohon wasa a buɗe wanda mage ke tsalle idan an danna kibiyar sama. Cikin haushi tana murza tayar, sai mage ta yi tsalle. Ta sake, ta sake yi. Masu Scratch sun haɗa tayar da tubalin da ke cewa idan an danna kibiyar sama, da ɗan'uwansa na kibiyar ƙasa, muddin kibiyar linzamin tana kan filin wasan. Amma ɗaya tubalin, mai tambayar ko kibiyar sama a danne take, ba ya jin tayar sam, domin babu abin da ke danne. Daga nan dabarar ta fito da kanta: idan tubalin farko ya farka, a tambayi na biyu. In ya ce e, yatsa ne a kan maɓalli. In ya ce a'a, taya ce. Ta yi ma'ajin lamba ta sa masa suna zurfi, murza ƙasa ya ƙaru da goma, murza sama ya ragu da goma, guga yana bin lambar. Da farko gugan ya huda ƙasan rijiya ya ɓace daga allo, yara suka yi ta dariya, sai da ta sa masa iyaka.

Barin yaro ya yi irin wannan lalube ba sabon ra'ayi ba ne, kuma Afirka tana cikin tarihinsa. Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu wanda ya yi aiki da masanin tunanin yara Jean Piaget a Janeba, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro harshen Logo a 1967, tare da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon. A Logo yaro ne ke ba ɗan kunkuru umarni ya zana layi. A 1982 Papert da Nicholas Negroponte suka kai kwamfutocin Apple II da Logo ga ƴan makaranta a Dakar, ƙarƙashin wata cibiya da gwamnatin Faransa ta kafa a Paris. Ba a jima ba su biyun suka bar cibiyar. Negroponte ya dawo da mafarkin a 2005 da shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, kuma a 2007 ƙananan kwamfutocin nan masu launin kore suka isa makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja. A wannan shekarar ce kuma rukunin Mitchel Resnick, ɗalibin Papert a jami'ar MIT, ya saki Scratch kyauta.

A ganina shirye-shiryen raba na'ura sun fi yawan surutu a kan akwatin, alhali abin da Papert ya dage a kai shi ne wa ke ba wa umarni, yaron ko na'urar. A nan nake da ƙorafi a kanmu malamai. Na ga ajin da ake zana linzami a allo da alli, a rubuta sunayen sassansa da Faransanci, yara su haddace, a ba su maki, kwamfutocin kuwa suna kulle a wani ɗaki don kada a lalata. Na san uzurin: wuta tana ɗaukewa, zafi yana kashe na'ura, in ta lalace malami za a tuhuma. Amma yaron da ya haddace kalmar molette bai san cewa taya ba ta da halin dannuwa ba. Wannan yarinya ta sani, ko da ba za ta iya faɗa da manyan kalmomi ba, kuma da yatsarta ta gano.

Iyaye ma suna da tasu damuwar, ba na raina ta. Mahaifinta ya same ni bayan la'asar ya ce, "Malam, an ce wasa kawai suke yi a wurinka, ga jarrabawa tana matsowa." Ban yi masa dogon bayani ba, na ce ya shigo ya ja ruwa. Ya murza, guga ya sauka, ya tambaye ta yadda ya san inda zai tsaya. Ta nuna masa lambar zurfi, ta ce in ta wuce 150 ba a ƙara mata. Ya yi shiru, sannan ya ce a sa masa wasan a wayarsa ya nuna wa abokansa a kasuwa.

Sai ga sabuwar matsala: waya ba ta da taya, ba ta da kibiyar sama. Yawancin yaran da ke zuwa zaurena da shafa gilashi suka fara sanin na'ura, wasunsu a wurina suka fara riƙe suri. Na gaya mata haka ina tsammanin za ta karaya. Ta ce to sai a ja igiyar da yatsa, ta tambaye ni ko Scratch yana sanin inda yatsa yake a kan allo. Na ce ta duba da kanta, wannan karon ban ce komai a kan abin da ke akwai da wanda babu ba. Asabar mai zuwa za ta zo da wayar babanta.