Tsarin sauti na 5.1

Tsarin sauti na 5.1 hanya ce ta rarraba sautin fim zuwa layuka shida, ta yadda mai kallo zai ji yana zuwar masa daga gaba, gefe da baya. Shi ne aka fi amfani da shi a siliman gida. Lamba 5 tana nufin lasifikoki biyar: ta tsakiya, biyu na gaba hagu da dama, da biyu na kewaye. Lamba 1 kuwa layin kakkauran sauti ne, irin rugugin tsawa, wanda bai wuce 120 Hz ba, kuma lasifikar da ake kira sabwufa ke fitar da shi. Ingancin tsarin ya dogara ne ga isar dukkan sautukan kunnen mai sauraro a lokaci ɗaya da ƙarfi ɗaya.

Tarihi

Fim ɗin Batman Returns na 1992 ne ya fara fita a gidajen silima da Dolby Digital, sai Jurassic Park ya biyo baya a 1993 da DTS. Faifan DVD ya shigar da tsarin gidaje a ƙarshen shekarun 1990. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta shimfiɗa ƙa'idar jera lasifikokin a takardarta mai lamba BS.775.

Zaɓen lasifika

Ana son lasifikoki uku na gaba su kasance ƙirar kamfani ɗaya kuma samfuri ɗaya, don kada sauti ya canza kama idan ya ratsa daga hagu zuwa dama. Ta tsakiya ce ke ɗauke da mafi yawan maganganun 'yan wasa. Yawancin lasifikokin gida suna da om 4 zuwa 8. Mai om 4 ta fi jan wuta, tana iya sa amfilifayar da ba a yi dominta ba ta ɗau zafi.

Wurin ajiyewa

Ana auna kusurwoyi daga kujerar mai kallo. Ta tsakiya tana fuskantarsa kai tsaye, a sama ko ƙasan allo. Na hagu da dama suna digiri 30 daga tsakiya, daidai tsayin kunnen mutumin da ke zaune. Na kewaye suna tsakanin digiri 100 da 120, wato a gefe, sun ɗan koma baya.

Sabwufa ba ta da tsayayyen wuri, domin kunne ba ya saurin gane inda kakkauran sauti ya fito. Sai dai bango yana mayar da shi, ya yi yawa a wani wuri, ya ɓace a wani. Wata sananniyar dabara ita ce a ɗora sabwufar a kan kujerar mai kallo, a kunna ta, a zagaya ɗakin ana sauraro kusa da ƙasa. Inda sautin ya fi fita sosai, nan za a ajiye ta.

Daidaitawa

Abubuwa uku ake daidaitawa a amfilifaya. Na farko nisa: sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka ana shigar da nisan kowace lasifika, na'urar ta jinkirta na kusa su iso tare da na nesa. Na biyu ƙarfi: ana kunna sautin gwaji ɗaya bayan ɗaya, a saita kowace ta kai desibel 75 a ma'aunin sauti. Na uku iyakar rabo: kamfanin THX ya ba da shawarar 80 Hz, duk abin da ya gaza haka a tura shi sabwufa, ƙananan lasifikoki su huta.

Amfilifayoyin zamani suna yin wannan aiki da kansu ta hanyar makirufo, kamar tsarin YPAO na Yamaha, MCACC na Pioneer da Audyssey. Duk da haka ba sa gyara lasifikar da aka ajiye ba daidai ba, shi ya sa ake fara jerawa kafin daidaitawa.