Zunubi, Tuba da Alheri: Tafiyar Kalmomi Uku a Ƙasar Sakkwato

Duk wanda ya tashi a Gatawa ko Isa ko Sabon Birni ya san kalmar tuba tun yana yaro, domin a ƙasar Gobir ɗin nan ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta kiran jama'a su tuba kafin hijirarsa ta 1804. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, kalmar nan tana bakin maƙwabtanmu 'yan ɗariƙar Katolika, kuma ta ɗauki wani kaya dabam.

A 1953 ne Roma ta ware yankin Sakkwato, ta danƙa shi ga limaman Dominikan daga Amurka. Edward Lawton ya zama bishop na farko a 1964, Michael Dempsey ya gaje shi a 1967. Sun zauna a Gusau, suka kuma buɗe cibiyar horar da masu koyar da addini a Malumfashi, kusa da ƙauyukan Maguzawa. Da babban taron Vatikan na biyu, na 1962 zuwa 1965, ya ba da damar yin ibada da harsunan jama'a maimakon Latin, sai neman kalmomi ya zama dole. Sun tarar da zunubi da tuba da alheri a cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, dukkansu aro daga Larabci.

To, ga inda hanya ta rabu. A wurin Musulmi, tuba tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Ɗan Katolika kuwa sai ya yi nadama, ya furta laifinsa ga fada a asirce, sannan ya cika aikin da aka ɗora masa. Tun 1215 aka wajabta musu haka aƙalla sau ɗaya a shekara. Suna kuma bambanta babban zunubi mai yanke zumunci da Allah da ƙarami mai raunana shi.

Alheri ya fi wuya. Mu Hausawa mun san shi da kyautar da mutum ke yi wa mutum. Su kuwa suna nufin baiwar Allah wadda ba a saye da aiki, wadda ke gyara halin mutum sannu a hankali ta hanyar addu'a da sadaka da azumin kwana arba'in kafin Ista.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, in za mu sa Bamaguje Kirista cikin labari yana cewa ya tuba, mu fara sanin abin da yake nufi kafin mu sa masa maganar a baki.